Kamiyon albasa na lego ya ƙi hawa tudu, ku zo ku duba min

Makanikin Wadata: Salamu alaikum jama'a, ina kwananku, ya zafi ya ƙura. Ga hoton abin da nake ta ba ku labari tun watan jiya, kamiyon albasa irin dogayen nan da ke tasowa daga Galmi su bi ta Konni su iso nan Yamai. Da lego kaɗai, 'yan bulon robar nan na wasa da ake harhaɗawa, na haɗa shi, ba gam ba waya, kuma ba takardar kowa na bi ba, daga kaina na fiddo shi, dare dare bayan na rufe gareji. Sitiyari na juyawa, ƙofofi na buɗewa, na sa mishi pon na gaske a baya, wato abin nan mai raba wa tayoyi biyu juyi, wanda in ka juya taya guda ɗayar sai ta koma baya kamar na babbar mota. To amma ga matsala, a ƙasa shimfiɗaɗɗa yana tafiya lafiya lau har da 'yan buhunan tsakuwa da uwargida ta ɗinka min, da na jingina katako a bakin dakali na ce ya hau sai ya tsaya tsakiya yana kat kat kat, wani lokaci taya guda ta yi ta juyawa a banza. Kwana huɗu ina kai, na kwance na ɗaure har sau uku. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Masha Allah, Malam wannan ai aiki ne, har da keji na katako irin na masu albasa. Allah ya ƙara basira.

Autan Gurup: Yaya wane moter ne a ciki, kuma pinyo nawa, 'yan faya-fayan nan masu haƙora, tsakanin moter da taya? ɗauko muna hoton ƙarƙashi, daga sama ba a ganin komai

Makanikin Wadata: Ga shi ƙanena. Moter matsakaicin nan ne na lego, cikin jerin da ake kira Power Functions, mai harafin M, akwatin pil shida. Daga moter na sa ƙaramin pinyo mai haƙori 8 yana jan mai 24, daga nan sanda ta tafi baya, mai haƙori 20 yana jan pon, shi pon ɗin 28 gare shi na ƙirga.

Mushen Fizik: To Malam bari mu yi lissafi tare, don abin duk lissafi ne. 8 yana jan 24, kenan moter ya juya sau 3 kafin babban ya juya sau 1. Sannan 20 yana jan 28, wannan sau 1,4 ne. In ka haɗa, 3 sau 1,4 ya ba ka 4,2. Wannan moter na M in pil sababbi ne kuma ba kaya a kansa yana yin wajen juyi 400 a minti, ka raba da 4,2 taya tana samun kusan 95. Ga motar wasa mara kaya ya yi, ga kamiyo mai buhuna a kan tudu ya yi sauri da yawa, kuma duk abin da ka samu na sauri ka rasa shi wajen ƙarfi. Kai da kanka ka fi ni sani, direba ba ya hawa tudu da kaya a giya ta huɗu. Kamiyonka yanzu a ta huɗu ka ɗaure shi.

Makanikin Wadata: Mushe wallahi na yi tunanin haka, amma abin da ya ɗaure min kai shi ne ƙarar. In ƙarfi ne ya gaza ai moter shiru zai yi ya tsaya, wannan kuwa moter na juyawa haƙora na tsallake juna.

Mai Gyaran Salula: Na buɗa hoton sosai. Duba sandar da ke ɗauke da mai 24 ɗin, gefe guda kawai ka riƙe ta, ɗaya bakin yana lilo a iska. Da nauyi ya zo sai ta kauce kaɗan, haƙoran su rabu, shi ne kat kat ɗin da kake ji. Nima abin da ya sha min kai kenan lokacin da na yi injin ɗaga kaya, sai da na gane dole kowace sanda mai pinyo a riƙe ta gaba da baya, kuma sanduna biyun nan masu huji da ke riƙe da ita a ɗaure su da wata a gicciye kada su buɗe baki.

Makanikin Wadata: Allahu akbar, ka ga abin da idona ya wuce. Gaskiyarka, gefe guda ne.

Ɗan Adar: Salamu alaikum daga Tawa. Ni abin da ni gani shi na, tayar da ka juyawa a banza ba laihi ba ne, halin pon ne. Mu nan da muka bin hanyar Abalak da Cintabaradan mun san shi sarai, taya guda ta hwaɗa rairai mai laushi ta yi ta tono, ɗayar da ta taka ƙasa mai ƙarhi tana tsaye tana kallo. Pon inda ya fi sauƙi nan yaka tura juyi. Shi ya sa motocin daji ka da abin kulle shi. Katakon da ka jingina in ya karkace ko kaɗan taya guda za ta ɗaga, shi kenan.

Kawu Mai Walda: Ni fa ina karanta ku tun ɗazu ina mamaki. Magidanta da iyali, wani ma da furfura, kun zauna kuna lissafin kayan wasan yaran Turawa. Ba zagi ba ne, tambaya nake da gaske. Mu da muka tashi kara muke fafewa mu yi mota, mu yanka tsohon silifa mu yi taya, gwangwanin madara da waya, ba mu sayi komai ba kuma mun koyi hannu. Wannan kuɗin da kuke zubawa a roba me yake dawo muku da shi?

Makanikin Wadata: Kawu tambayarka a kan hanya take kuma ba zan ɓoye maka ba. Nima motar kara na fara yi, da ƙaya muke haɗa ta, kuma har gobe ina ganin yaran da ke lanƙwasa waya su yi mota mai dogon sitiyari suna tura ta a kartiye, ina tsayawa in duba aikinsu don wasu akwai kai. Amma ga abin da ya sa na kama wannan. Ina da yara biyar a gareji masu koyon aiki, shekara nawa ina faɗa musu yadda pon ke aiki da baki, in zana a ƙasa, su ce sun gane alhali ba su gane ba, kuma ba za ka kwance motar mai kaya don kawai ka koya wa yaro ba. Ranar da na kawo wannan ɗan pon na roba na miƙa wa ƙaraminsu na ce riƙe taya guda ka juya sanda, ya ga 'yan pinyo ukun nan na ciki suna zagaya juna, wallahi Kawu sai da ya yi kabbara. Ya ce ashe shi ya sa in mota ta sha kwana tayar waje ta fi ta ciki gudu ba ta ja ƙasa. Abin da na kasa sa mishi a kai shekara biyu ya shiga a minti biyar. Kara da gwangwani suna ba ka siffar mota, wannan yana ba ka cikinta.

Mushen Fizik: Kawu in ƙara a kan nasa. Wanda ya kafa kamfanin ma mai aikin hannu ne irinku, kafinta ne a wani ƙaramin gari Billund a ƙasar Danmak, Ole Kirk Christiansen, a 1932 ya fara da kayan wasa na katako. Bulon roba mai ƙululu a sama da bututu a ƙasa sai 1958 suka yi masa rajista, kuma na wancan lokacin har yau yana kama na yanzu don ba su canza awo ba, milimita 8 daga ƙululu zuwa ƙululu, haka ma daga huji zuwa huji. Masu pinyo da sanduna da muke kira Technic a 1977 suka fara fitowa, pon kuma ya zo a 1980 cikin wani kwali mai lamba 8860. Ni a aji da su nake koyar da kashi da rabo, yaron da ke gudun lissafi in ka ba shi mai 8 da mai 40 ka ce ƙirga juyi, da kansa zai ce maka biyar.

Kawu Mai Walda: To na ji. In dai yaran gareji na ƙaruwa ban da ta cewa. Amma kada ku bar yara su raina kara da waya, wanda bai da kuɗin roba shi ma ya san yana da abin yi.

Maman 'Yan Biyu: Kawu ai ba sabo muke saye ba, wa ke da kuɗin sabon kwali. Ni a cikin kayan bosho nake tsinta, wajen masu zuba kayan wasa a ƙasa, wani lokaci Katako wani lokaci Babbar Kasuwa, sai ka tsuguna ka yi ta tona leda, yau ka samu pinyo biyu gobe taya uku marasa 'yar'uwa. Shekara uku ina tarawa a bokitin fenti. Ni kuma shawarata ga Malam, me zai hana ka sa ɗan murɗaɗɗen nan mai kama da zaren kusa? Da shi na yi wa 'yan biyu rijiya mai jan guga, juyi ɗaya haƙori ɗaya yake turawa, in ka haɗa shi da mai 24 ka samu 24 kai tsaye, kuma in ka saki hannu guga ba ya komawa rijiya, tsayawa yake cak inda ka bar shi.

Autan Gurup: Hajiya ga rijiya ya yi daidai amma ga mota ina jin tsoro. tsayawar nan da yake yi cak ita ce matsalar, in yaro ya zo ya tura kamiyon da hannu taya ba za ta iya juya shi ba, sai dai wani abu ya karye a tsakani. kuma gogayya gare shi da yawa, ƙarfi mai yawa a nan yake tafiya

Maman 'Yan Biyu: Haka ne kuwa, nawa sun taɓa jan igiyar da ƙarfi sai da sanda ta murɗe. To a bar shi ga rijiya.

Mushen Fizik: Ga hanya biyu Malam, duk wuri ɗaya suke kai ka. Ko ka cire mai 24 ka sa mai 40, ya zama 5, sau 1,4 na pon ya ba ka 7. Ko ka bar 8 da 24 yadda suke ka ƙara hawa na biyu, mai 12 yana jan mai 20, shi ma in ka lissafa 3 sau 20 bisa 12 biyar ne, sau 1,4 bakwai. Taya ta dawo wajen juyi 57 a minti. Ga wata dabara da za ta hutar da kai gwaje gwaje, ka tara haƙoran pinyo biyun ka raba da 16, abin da ya fito shi ne tazarar huji tsakanin sandunansu. 8 da 24 sun yi 32, tazara 2. 12 da 20 ma 32, tazara 2. 16 da 16 haka. 8 da 40 sun yi 48, tazara 3. In bai rabu daidai ba to ba za su haɗu a kan sanda miƙaƙƙiya ba sai da dabara.

Makanikin Wadata: Mai 40 ina da guda amma faɗinsa ya kai huji biyar, in na sa shi ƙarƙashi zai riƙa shafar ƙasa ko in ɗaga kujerar direba. Ta biyun zan bi. Kuma ina ganin gara ƙaramin mai 8 ya zauna kusa da moter inda gudu ke da yawa nauyi kaɗan, mai 12 da 20 su zauna baya inda nauyin yake, don haƙoransu sun fi kauri. Mushe wannan lissafin na 16 da na san shi tun bara da na huta, Allah ya saka.

Mai Gyaran Salula: Kuma ka duba ƙusoshinka. Na ga baƙar ƙusa a wajen sitiyari, baƙaƙen nan masu riƙo ne an yi su don su cije, inda kake son abu ya juya sakayau mai ruwan toka ake sawa. Sannan ƙurar nan ta bana ta shiga ko'ina, ni nawa nakan kwance in wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu, kada ya wuce digiri 40, a shanya a inuwa don rana na mayar da farare ruwan ɗorawa. Moter da waya dai kada su ga ruwa. Kada kuma ka ce za ka ɗiga musu baƙin mai na gareji, yana kama ƙura kuma ba ya shiri da roba.

Makanikin Wadata: Jama'a barkanmu da dare. Ya hau. Ga bidiyo, da buhuna shida a baya, a hankali yake tafiya kamar mai kaya na gaske, ba kat ba komai. Na riƙe sandunan gaba da baya, na ƙara 12 da 20, na daidaita katakon kamar yadda ɗan'uwa na Tawa ya ce. Yaran gida sun taru har maƙwabta.

Ɗan Adar: Alhamdu lillahi, barka Malam. To yanzu sai ka ba mu yadda anka yi shi, ina son in haɗa irinai nan Tawa, ɗiyana sun gani sun hana ni sakat. Mutanen Galmi ma in sunka ga wanga za su ji daɗi.

Makanikin Wadata: Ɗan'uwa a nan ne zuciyata ta ɗan tsaya, kuma gara in faɗi gaskiya. Bara na yi wani injin niƙa ƙarami mai bel, na sa hotonsa, bayan sati biyu wani ya turo min shi daga wani shafi, wani mutum da ban sani ba ya sa ya ce shi ya ƙera, mutane na ta sa mishi albarka yana amsawa. Ban ce komai ba amma abin ya yi min ciwo ƙwarai, wata biyu na yi a kan injin nan. Yanzu in na zauna na fidda wannan dalla dalla gobe wani ya ɗauka ya ce nashi ne fa?

Kawu Mai Walda: Wannan ba sabon abu ba ne. Mu a walda ka yi sabon zanen ƙofa yau, jibi ka gan shi a gida goma. Maigidana da na koya a wurinsa akwai abin da bai nuna min ba sai da na yi shekara bakwai. Sirrin sana'a ba rowa ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Kawu da girmanka amma wannan ba ɗaya ba ne. Ƙofa abincinka ce, in an kwaikwaya an rage maka ciniki. Wannan kamiyon kuwa jiya jiya a nan mutum huɗu suka sa hannu kafin ya hau tudu, Mushe ya ba da lissafi bai ce a biya shi ba, mai salula ya ga sandar da ke lilo. Malam ni ban ce ba a cuce ka ba, an cuce ka, wanda ya yi kuma bai kyauta ba. Amma in ka rufe, wancan mutumin bai rasa komai ba, yaran Tawa ne suka rasa.

Autan Gurup: Yaya akwai hanyar da ake bi ai. masu wannan harka a duniya abin da mutum ya ƙirƙira da kansa MOC suke ce masa, kuma akwai shafin intanet Rebrickable inda kowa ke sa nasa da sunansa da ranar da ya sa, da jerin kayan da ake buƙata, wasu kyauta wasu suna sayar da takardar haɗawa. in ka sa can ko wani ya ɗauka kowa zai ga wa ya riga. zane kuma da manhajar Studio ake yi, ta BrickLink ce kyauta ce, ka haɗa motar a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya shi zai fidda maka hotunan mataki mataki da lissafin kowane yanki. BrickLink ɗin kasuwar yankunan lego ce a intanet tun 2000, kamfanin LEGO ya saye ta a 2019. akwai LeoCAD ma mara nauyi ga tsohuwar kwamfuta. ni zan iya zana maka in ka yarda, Asabar ba ni da darasi sai in hayo gada daga Harobanda in same ka

Mushen Fizik: Auta niyyarka mai kyau ce kuma a yi, amma ina so mu kalli inda muke. Na sauke takardun mutanen waje da yawa, kyawawa ƙwarai, ban taɓa iya haɗa ko ɗaya ba. Za ka buɗe ka ga yanki dubu biyu, wannan sanda mai lanƙwasa guda goma sha biyu launi kaza, wancan moter iri kaza guda huɗu. Su suna zane ne da tunanin duk abin da babu za a yi oda ya zo ƙofar gida cikin kwana kaɗan. Katafilar lego nan ta Liebherr da ta fito a 2019 yanki 4108 ce da moter bakwai, wa ke da wannan a bokitin fenti? Mu abin da bosho ya ba mu shi ne namu. Don haka in za mu raba zane a tsakaninmu, a ganina ba kyan hoto ne ma'auni ba, ma'aunin shi ne wani a Tawa ko Madawa ya iya tada shi da abin da ke hannunsa. A rubuta a gefe, in ba ka da kaza sa kaza, launi ba dole ba, wannan sandar mai huji 15 za a iya haɗa biyu gajeru a madadinta. Zanen da ba wanda zai iya haɗawa a nan kallo kawai aka ba mu.

Mai Gyaran Salula: Kuma yawancin mutanenmu salula gare su ba kwamfuta ba, Studio ba ya hawa salula. Hoto talatin marasa nauyi a WhatsApp ya fi saurin isa ga mutane. A shimfiɗa farin ƙyalle, a ɗauka da safe kafin rana ta yi ƙarfi, kowane hoto a ajiye sababbin yankunan a gefe kafin a sa su, a nuna da tsinke huji na nawa. Ni zan rubuta lamba da laƙabin Malam a kan kowane hoto a tsakiya inda ba a iya yankewa.

Autan Gurup: to a yi duka biyu mana, hotuna don nan gida, Studio don a ajiye

Ɗan Adar: Maganar Mushe ita ce tawa. Ni yanzu haka ba ni da pon mai 28, tsohon nan gare ni mai haƙora 24 gehe guda 16 ɗaya gehen, kuma rabin kayana ba na asali ba ne, irin na Sin ne da ƙanena ya kawo min daga Abijan. Wasu suna kamawa da kyau wasu sai ka danna da haƙori. Shin zai yi?

Mai Gyaran Salula: Zai yi, awon ɗaya ne, rajistar bulon ta daɗe da ƙarewa shi ya sa kamfanoni da yawa ke yin irinsa. Na asali za ka ga an rubuta LEGO a kan kowane ƙululu. Ni yadda nake yi, marasa suna in sa su a jiki da keji inda ba nauyi, pinyo da sanduna kuma in zaɓi waɗanda suka fi cika awo.

Makanikin Wadata: Na kwana da maganarku. Hajiya abin da kika faɗa ya shige ni, gaskiya ne ba ni kaɗai na tada shi ba. Na yarda. Auta ka zo Asabar bayan la'asar, mai salula ka zo da ƙyallenka Lahadi da safe, zan kwance shi gaba ɗaya mu sake haɗawa muna ɗauka. Sharaɗina guda, duk wanda ya haɗa ko ya canza wani abu ya dawo nan ya nuna muna, kuma ya faɗi inda ya samo. Kawu kai ma ka zo don Allah, ina so ka duba min yadda na ɗaure kejin, idon mai walda daban ne.

Kawu Mai Walda: In Allah ya kai mu zan leƙo. Tun a hoto na ga kejin ba shi da tokari a karkace, da buhu ya jingina zai kwanta gefe.

Mushen Fizik: Kawu ya gano wani abu. Tokarin a yi shi da uku huɗu biyar irin na magina, amma a ƙirga tazara ba huji ba, wato huji 4 a tsaye, 5 a kwance, 6 a karkace, ƙusa za ta shiga ba tare da an tanƙwara komai ba.

Maman 'Yan Biyu: Don Allah masu ƙananan yara a kula da 'yan ƙusoshin nan, mai rarrafe komai baki yake kaiwa. Ni sai sun yi barci nake zazzage bokiti a faranti.

Mai Gyaran Salula: Hotuna sun shiga, 34 ne, da lamba a kan kowane. Na farko jerin kaya ne da abin da za a iya sawa a madadi.

Ɗan Adar: Salamu alaikum. Kwana tara ina bi, ga inda na kai. Gaba duk ta tashi, sitiyari na aiki. Pon nawa da yake ba irin naku ba ne sai na kwantar da moter a gicciye, mai 8 ya ja mai 24, wani mai 8 ya ja gehen 24 na pon kai tsaye, uku sau uku tara kenan, ya hi naku jinkiri amma ya hau buhun gero da na jingina ma katako. Keji kuwa sanduna sunka ƙare min, sai na yi shi da kara da ƙaya irin na da, Kawu ga hoto ka gani. Abu guda, tsakanin hoto na 21 da na 22 akwai abin da ya ɓace, sandar da ka riƙe kujera ta bayyana ban ga inda anka kafa ta ba.

Kawu Mai Walda: Kejin karan nan ya fi na robar kama da na gaske. Ka ƙara ƙaya biyu a kusurwar baya.

Makanikin Wadata: Masha Allah ɗan'uwa, wallahi na ji daɗi kamar ni na haɗa. Mai 8 na biyun nan ka sa mishi ido don nauyi a kansa yake, ka riƙe sandarsa gaba da baya. Hoton da ya ɓace laifinmu ne, lokacin aka kira salla muka tashi, da muka dawo na kafa ta ba a ɗauka ba. Huji na huɗu ne daga gaba, da baƙar ƙusa biyu, gobe da safe zan ɓalle kujerar in ɗauko maka. Ina da mai 12 da mai 20 da suka yi min saura da sanduna shida masu huji 9, in akwai mai tahowa Tawa cikin satin nan ka faɗa min in ba shi ya riƙo maka.

Autan Gurup: Yaya na Tawa turo min hoton ƙarƙashin naka ta gefe biyu, zan sa shi a zanen a matsayin hanya ta biyu ga wanda ke da tsohon pon

Ɗan Adar: To Auta, bari rana ta hito in ɗauka. Malam akwai ɗan ƙanwata da ka tasowa daga Yamai ran Alhamis da motar sahe, zan ce ya biyo ta gareji ran Laraba da marece.